Yadda za ka zaga tsofaffin wuraren tarihin Sidni da ƙafa da jirgin ruwa cikin kwana uku

Yawancin mutanenmu da Allah ya kai su birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, ko karatu ko taro ko ziyarar ƴan uwa, abu biyu suke yi, su tsaya gaban Opera House, shahararren gidan wasannin nan na bakin ruwa, a ɗauke su hoto, su juya a ɗauke su da babbar gadar nan ta Harbour Bridge, shikenan sai kasuwa sai komawa masauki. Kuma wallahi abin yana damuna, domin taku kaɗan daga inda suke tsaye akwai gine-ginen da fursunoni suka sassaƙa dutsensu da hannu, a kan ƙasar da aka ƙwace daga masu ita, kuma duk labarin yana nan a fili ga mai son gani. Shi ya sa na zauna na tsara yadda ni nake zagawa da baƙo idan ya zo. Kwana uku ne, ba ka buƙatar mota, ƙafarka da jirgin ƙasa da jirgin ruwa sun isa.

Kafin ka taka ko ina

Fara da yanayi, don nan komai a juye yake. Disamba zuwa Fabrairu lokacin zafi ne, Yuni zuwa Agusta kuma sanyi. Idan da zaɓi, Maris zuwa Mayu ko Satumba zuwa Nuwamba sun fi daɗin yawo. Kuma kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne rana ba ta yi min komai, ranar Ostireliya tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa ko da gari da hadari, sa hula mai faɗi, shafa man kariyar rana, riƙe gorar ruwa. Ruwan famfo ana sha, kuma kusan kowane lambu akwai famfon sha kyauta.

Idan daga gida za ka taso, maganar guzuri a kiyaye. Kilishi da dambun nama da duk wani abu na nama kar ma ka sa a jaka. Kuka, daddawa, yaji, goro, duk abin da ya shafi abinci ko tsiro, ka rubuta shi a katin da ake cikewa kafin sauka, su duba, in sun ce a bari ka bari. Wanda ya bayyana ba ya shiga matsala, wanda ya ɓoye aka gani shi ne ke cin tara mai nauyi.

Sufuri kuma katin Opal ne, ana saye a tashoshi da ƙananan shaguna, ko ka yi amfani da katin bankinka in irin wanda ake dangwalawa ne. Jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa, duk kati ɗaya. Ka dangwala lokacin shiga, ka dangwala lokacin fita, in ka manta na fita za su cire maka kuɗin hanya mafi nisa. Akwai iyakar abin da za a cire maka a yini, in ka kai nan sauran hawan kyauta ne, don haka kar ka ji tsoron hawa da sauka. Motoci hagu suke bi, in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Sai sallah. Abin da ke rikita kowane Bahaushe a ranar farko shi ne alƙibla, mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, to a Sidni yamma ce, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Sa ƙaramar darduma a jaka, lambuna suna da yawa kuma ba mai hana ka. Banɗakunan jama'a ba buta, gorar ruwan nan taka ita ce butar. In Juma'a ta same ka cikin gari akwai masallacin Sarki Faisal a unguwar Surry Hills, ba nisa da tashar Central.

Abu na ƙarshe, daren da za ka fita washegari, shiga intanet ka duba ranakun buɗe kowane wuri. Wasu ƙananan gidajen tarihin ba kullum suke buɗewa ba, kuma galibi kafin biyar na yamma an rufe. Na taɓa kai baƙo har bakin ƙofar wani gida muka tarar da shi a kulle, tun ranar ban sake fita ban duba ba.

Rana ta farko: daga Circular Quay zuwa The Rocks

Sauka a tashar Circular Quay da misalin takwas da rabi, ka fito bakin ruwa, kar ka yi gaggawar ciro waya. Wannan ɗan lungun ruwan da jirage ke shiga da fita shi ne inda Kyaftin Arthur Phillip ya kafa tutar Ingila ranar 26 ga Janairun 1788, bayan ya zo da jirage 11 ɗauke da fursunoni da sojoji. Sun fara tsayawa a Botany Bay, inda James Cook ya sauka a 1770, suka ga ba ruwan sha mai kyau, sai suka matso nan saboda wani ɗan rafi. Amma wurin da mutanensa, Gadigal ake ce musu, sun shekara dubbai suna kamun kifi a ruwan nan. A 1789 cutar agana ta shiga cikinsu ta yi musu mummunar ɓarna. Har yau ranar 26 ga Janairu hutun ƙasa ce, amma da yawa daga ƴan asalin ƙasar ranar makoki suke ɗaukarta. In ka ɗaga kai ka dubi saman gada za ka ga tutarsu, baƙi da ja da rawayar rana a tsakiya, tun 2022 aka kafa ta a can dindindin.

Shi kansa Opera House, tsinin ƙasar da yake kai sunansa Bennelong Point. Bennelong mutum ne ɗan asalin ƙasar da Phillip ya sa aka kamo a 1789 don ya zama tafinta tsakaninsu, daga baya ya gina masa ɗakin bulo a daidai wurin. Ginin na yanzu a 1973 aka buɗe shi. Yi hotonka, ba laifi, sannan ka juya ka bi bakin ruwa ta ɓangaren yamma.

Wuri na farko shi ne Cadmans Cottage, ɗan ƙaramin gidan dutse na 1816, yana cikin mafi tsufan gine-ginen da suka rage a tsakiyar birnin. Da yawa suna wuce shi ba su lura ba saboda yana ƙasa da titi. Lura da abu ɗaya, lokacin da aka gina shi ruwa har bakin ƙofarsa yake zuwa, masu kwale-kwalen gwamnati ne ke zama ciki, yanzu ruwan ya yi nisa saboda cike gaɓa da aka yi. Shi John Cadman ɗin da gidan ke ɗauke da sunansa satar doki ce ta sa aka koro shi daga Ingila.

Daga nan shiga lungunan tsohuwar unguwar The Rocks. Akwai ƙaramin gidan tarihi, Rocks Discovery Museum, shiga kyauta ne, rabin awa ya ishe ka, kuma yana da kyau ka fara da shi don ya ba ka tsarin labarin. In ka fito ka hau titin Argyle har ka isa Argyle Cut. Nan nake so ka tsaya sosai. Hanya ce da aka yanka ta tsakiyar dutse, fursunoni suka fara a 1843 da guduma da kurfi, aikin ya gagara aka ajiye, sai daga baya aka ƙarasa da nakiya. Ɗora tafin hannunka a jikin bangon, dutsen da sanyi da damshi, ganye ya tsiro a tsagoginsa, kuma za ka ji sawun sara a ƙarƙashin yatsunka, layi-layi. Duk wanda na kai wurin nan sai ya yi shiru na ɗan lokaci.

Sama kaɗan a titin Gloucester akwai Susannah Place, gidaje huɗu manne da juna da aka gina a 1844, talakawa ma'aikata suka yi ta zama ciki fiye da shekara ɗari. Ba a gyara su an ƙawata ba, fentin da ya ɓare yana nan, ɗakunan ƙanana, wurin wanki a bayan gida. Da ɗan rakiya ake shiga, mutane kaɗan-kaɗan, don haka kama gurbi tun da wuri.

Kuma ka sani unguwar nan da ƙyar ta tsira. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1900 aka rushe gidaje da yawa, gina gada ya cinye wasu tituna, sannan a farkon shekarun 1970 aka shirya share sauran a kafa dogayen benaye. Mazauna unguwar suka je wajen ƙungiyar leburorin gini, ƙarƙashin Jack Mundey, leburorin suka ce ba za su ɗaga guduma a kan gidajen nan ba, har aka kama shi a 1973 a kan haka. Leburori ne fa, masu neman na yau, suka bar aikin kuɗi don kar a rushe tarihi. Duk lokacin da na tuna wannan sai ganuwar Kano ta faɗo min a rai, yadda muke kallo ana cinye ta kaɗan-kaɗan.

Yi ƙoƙari ƙarfe ɗaya saura kwata ta same ka a kan tudun Observatory Hill. A saman ginin duban taurari na 1858 akwai wata ƙwallo a jikin sanda, ƙarfe ɗaya daidai take faɗowa, da ita matuƙan jiragen da ke cikin ruwa suke saita agogonsu a da. Ƙarƙashin manyan itatuwan ɓauren wurin akwai inuwa mai kyau, nan nake yin azahar in ci abin da na ƙunso. Maganar abinci, tsofaffin mashaya sun cika The Rocks, suna cikin tarihin wurin, kallonsu daga waje ya wadatar. In za ka sayi soyayyen kifi da dankali ka tambaya tukuna, wasu da giya suke kwaɓa fulawar.

Da la'asar ka hau matakalar titin Cumberland ka taka gadar da ƙafa zuwa Milsons Point, kyauta ne, kamar minti ashirin zuwa talatin. An buɗe ta ranar 19 ga Maris 1932. Ka dawo da jirgin ƙasa in ƙafa ta gaji.

Rana ta biyu: titin Macquarie da safe, tsibirin Cockatoo da yamma

Sauka a tashar St James, kana fitowa ga Hyde Park Barracks nan, jan bulo hawa uku da agogo a goshinsa. In wuri ɗaya kacal za ka iya shiga a duk Sidni, to wannan ne. Gwamna Lachlan Macquarie ya sa aka gina shi tsakanin 1817 da 1819 don kwanan fursunoni maza, wanda ya zana shi kuma, Francis Greenway, shi ma fursuna ne, laifin jabun takarda ya kawo shi, kuma bayan shekaru masu yawa hotonsa ya hau takardar dala 10 ta ƙasar. Tsakanin 1788 da 1868 kimanin mutum dubu 162 aka kwaso daga Birtaniya da Ayilan zuwa Ostireliya a matsayin hukunci, da yawansu kan ƙananan sace-sace na talauci. A 2010 UNESCO ta sa wurare 11 na wannan tarihi cikin kayan tarihin duniya, wannan ginin na ciki.

A bakin ƙofa za a ba ka abin sawa a kunne, yana gane ɗakin da ka shiga ya dinga ba ka labarinsa, da Turanci ne amma a hankali suke magana. Ware awa ɗaya da rabi ko biyu. Hau har hawa na sama inda aka jera gadajen raga na rataye, ɗaya manne da ɗaya, babu ko wurin juyawa, an yarda ka kwanta a ɗaya ka gwada. Sai kuma abin da ya fi taɓa ni, kayan da ɓeraye suka ja ƙarƙashin katakon daɓe suka yi sheƙa da su, aka tono lokacin gyaran ginin: ƙyallaye, maɓallai, guntayen takardu, har rigar fursuna. Ba wanda ya yi niyyar ajiye kayan talakan nan, ɓera ne ya adana. Daga 1848 ginin ya koma masaukin mata baƙi da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, ciki har da marayun ƴan mata daga Ayilan da yunwa ta kashe iyayensu, akwai abin tunawa da su a jikin katanga ta waje. Kuma masu gidan tarihin ba su ɓoye abin da faɗaɗar mulkin Turawa ya yi wa ƴan asalin ƙasar ba, har kisan Myall Creek na 1838 inda aka hallaka aƙalla mutum 28.

Da ka fito, tsallaken titi cocin St James ne, shi ma Greenway ya zana. Bi titin Macquarie ka gangara, za ka wuce The Mint, tsohon gidan buga kuɗi, da majalisar dokokin jihar, su biyun ɓangarori ne na tsohon asibitin da ake kira asibitin barasa, saboda Macquarie bai biya ƴan kwangilar da kuɗi ba, izinin shigo da barasa su kaɗai ya ba su. Waɗannan kallo daga waje ya isa in lokaci ya ƙure. Shiga lambun Royal Botanic Garden, na 1816, ka ratsa shi ka koma Circular Quay. In kana da hali akwai zagayen da ƴan asalin ƙasar suke jagoranta a cikin lambun, suna nuna itatuwan ci da na magani, kuɗin da za ka biya bai kai abin da za ka koya ba.

Bayan azahar sai jirgin ruwa zuwa Cockatoo Island. Duba allon tasha ka ga layin F8 ko F3, zauna a waje ta baya don ka ga yadda ake wucewa ƙarƙashin gada. Shiga tsibirin kyauta ne, karɓi taswira a ofishin baƙi da ke bakin tasha. Tsibirin hawa biyu ne, ƙasa duk manyan rumfunan ƙera jiragen ruwa ne da tsofaffin injinan ɗaga kaya, an yi aiki a nan har farkon shekarun 1990. Amma kai fara da sama, inda kurkukun yake, daga 1839 zuwa 1869 nan ake kawo waɗanda suka sake yin laifi. Nemi rumbunan hatsi da fursunoni suka haƙa cikin dutse da hannu, siffarsu kamar tulu, baki ƙarami ciki faɗi, duk wanda ya san rumbu a ƙauye zai gane dabarar nan take. Akwai ɗakunan kwana da ake cusa mutane fiye da kima a kulle har safe, da gidan masu gadi mai ƙananan ramukan bindiga. A 1863 wani fursuna, Frederick Ward, ya tsere da iyo, daga baya ya zama shahararren ɗan fashin daji da ake kira Captain Thunderbolt.

Sa takalmi mai kyau, matakala da yawa kuma inuwa kaɗan ce. In ka zo tsakanin Satumba da Disamba tsuntsayen ruwa na ƙyanƙyasa, suna kawo farmaki in ka matsa kusa da sheƙarsu, ka bi hanyar da aka shata. Duba lokacin jirgin komawa tun kana sauka.

Rana ta uku: Parramatta, sannan Auburn

Parramatta tana yamma da tsakiyar gari, kamar rabin awa a jirgin ƙasa daga Central. Akwai jirgin ruwa ma da ke bin kogi, ya fi daɗi amma ya fi jinkiri, kuma in ruwa ya janye ba ya ƙarasawa. Ni shawarata ka tafi da na ruwa da safe in lokacin ya dace, ka dawo da na ƙasa.

Dalilin kafa garin yunwa ce. Ƙasar bakin ruwan Sidni ba ta yi noma ba, abincin da aka zo da shi yana ƙarewa, sai Phillip ya samo ƙasa mai kyau a nan a ƙarshen 1788. Sunan daga mutanen Burramattagal ya samo asali, masu kamun wani kifi mai kama da maciji a kogin. Shiga Parramatta Park ka hau tudu zuwa Old Government House, an fara gina shi a 1799, Macquarie ya faɗaɗa shi, shi ma yana cikin jerin UNESCO. Ana biyan kuɗin shiga. In ka gangara bakin kogi ka ɗaga kai, manyan jemagu ne rataye a itatuwa ɗaruruwa, da rana tsaka suna ta ƙara.

Arewa da lambun akwai ragowar Female Factory, inda aka tsare mata fursunoni daga 1821 suna kaɗi da saƙa da wanki, mazaje na zuwa su zaɓi mata ko ƴan aiki a cikinsu, a 1827 matan suka yi bore kan abinci suka fasa ƙofa suka fita gari. Dogayen katangun dutsen suna nan.

Daga nan ɗauki bas ko tasi zuwa Elizabeth Farm a Rosehill, gidan John da Elizabeth Macarthur na 1793, mafi tsufan gidan Turawa da ya rage a ƙasar, daga iyalin nan kiwon tumaki masu ulu ya bunƙasa, kuma matar ce ta riƙe gonar shekaru da yawa da mijin ba ya nan. Abin da nake so da gidan, ba igiya ba gilashi, ka zauna a kujera ka taɓa kaya, in da yara ka zo nan za su fi sakewa. Shi ma ba kullum yake buɗe ba.

A hanyar dawowa sauka a Auburn, amma duba allo don ba kowane jirgi ke tsayawa ba. Tun daga taga za ka hango ƙubba da hasumiyoyi biyu na masallacin Gallipoli, Turkawa suka gina shi irin ginin Usmaniyya, aka buɗe a 1999, tafiyar ƴan mintuna ce daga tasha. Yi la'asar ko magariba a nan, sannan ka fito titi, abincin halal na Turkawa da Afganawa da Labanawa ko ta ina, ka ci ka ƙoshi ba tambaye-tambaye. In kuma azumi ne, dare ɗaya ka je titin Haldon a Lakemba.

In ka sami rarar rabin yini

Je ka ga zanen da ƴan asalin ƙasar suka sassaƙa a kan duwatsu, wanda ya girmi duk gine-ginen da na lissafa. Mafi sauƙin kaiwa shi ne na Balls Head, ka sauka a tashar Waverton ka gangara da ƙafa, akwai siffar babban kifi a kan shimfiɗaɗɗen dutse kusa da tsohon wurin lodin gawayi. Masu mota su je West Head a gandun Ku-ring-gai Chase, can sun fi yawa. Da sassafe ko dab da magariba ake zuwa, lokacin da rana ta kwanta inuwa ta cika tsagogin, da tsakar rana sai ka tsaya a kansu ba ka gani ba. Kar ka taka, kar ka zuba ruwa don hoto ya fito, kar ka bi layin da tsinke ko dutse. Tsaya daga gefe, bayan shingen katakon da aka yi, ka kalla daga nan.